Tafin Ƙasa Ɗaya a Kabarin Kawu

Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu da hantsi a farkon sanyin bara, a ɗakinsa da ke Greenbelt, nan ƙasar Turawa. Ni na same shi. Na zo in kai shi ganin likita saboda ciwon sukarin da ya daɗe yana raina shi, na tarar da shi zaune a kujera, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ni nas ce, na san gawa in na gan ta, amma sai da na gama yi masa faɗan ƙin ɗaukar waya kafin na yarda na taɓa wuyansa. Kafin azahar masu gidan ajiye gawa sun zo sun tafi da shi.

Matan zumunta na cocinmu ne suka fara isowa, da kulolin shinkafa da ɗan kwali a ka, suka zube a kan kafet suka ɗauki waƙa. Mahaifiyata ta kira daga gida, daga kudancin Kaduna, kuka ya hana ta magana, abin da na iya ji kawai shi ne, “Kada ku binne shi sai na zo. Kada ku binne mini shi.” Ɗan Kawu tilo, wanda aka haifa a nan, ya tsaya a kicin yana kallon ƙananan kofunan shayin uban, ya ce mini da Turanci bai san abin da zai yi da wannan tarkace ba. Ƙanen Kawu, wanda muke kira Kawu Ƙarami, dattijo ne a cocinmu, ya taso daga ofis a Germantown da taye a wuya. Bai yi kuka ba. Ya tsaya tsakiyar falo ya ce sai a kafa kwamiti.

Da la'asar na leƙa taga na ga motoci sun jeru har kwanar titi. Direbobi ne, mutanen Nijar, Musulmi, waɗanda Kawu ya ƙare rayuwarsa a cikinsu. Sun kashe wayoyinsu na ɗaukar fasinja, sun yi wanka, sun sa kaftani da rigar sanyi a kai, sun tsaya a bakin motocinsu kamar yadda ake tsayawa a jira fitowar gawa. Babbansu ne ya hau sama, wani tsoho ɗan Maraɗi da kowa ke kira Alhaji. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, abin da ba wanda ya yi a cikinmu, ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, ya yi mana gaisuwar rashi. Sannan ya juya ga Kawu Ƙarami.

“Ƙarhe nawa za a kai shi?”

Waƙa ta tsaya. Na ji wata a bayana ta ƙunshe dariya.

“Ba yau ba,” in ji Kawu Ƙarami. “Mu ba ma gaggawa da gawa.”

“To, gobe ke nan?”

“Za a sanar.”

Na raka tsohon zuwa matakala. Yana sa takalmi ya ce, “Ɗiyata, abu guda nika roƙo. Ranar da za a sa shi, a bari in zuba mishi ƙasa da hannuna, ko cikin tahin hannu guda. Shi ya zuba ma ɗana.” Na ce masa in Allah ya yarda zai zuba. Da bakina na faɗa, ba wanda ya tilasta ni.

Ina rubuta wannan ne domin a takardar da aka raba ranar bisonsa an ba aikinsa layi biyu, an ba sunayen 'yan kwamiti shafi guda. Yaran da ke tasowa a cocinmu za su ji an ce akwai wani tsoho mai dafa wa Musulmi shayi, su yi dariya su wuce. Ban yarda a bar shi a haka ba.

A coci Mai Bishara ake kiransa, direbobi kuwa Fasto suke ce masa, ko da yake ba wanda ya taɓa naɗa shi. Aikin da yake ci da shi tura marasa lafiya ne a wani asibiti, daga gado zuwa ɗakin hoto, daga tiyata zuwa gado, wani lokaci kuma zuwa can ƙasa, ɗakin sanyi. Ya ce mini da ya zo ƙasar nan Turawa ya yi niyyar yi wa wa'azi, sai ya tarar Bature ba ya tsayawa. Wata rana ya shiga tasi a Silver Spring ya ji direba yana faɗa da matarsa a waya da Hausa. Ya bari har aka gama faɗan, sannan ya ce daga baya, “Malam, ai ita ke da gaskiya.” Direban ya kusa hawa dakalin titi. Wannan direban shi ne Alhaji.

Da farko takardun wa'azi ya riƙa kai musu a filin ajiye motoci da ke bayan wani kantin kayan Afirka, inda suke taruwa in kasuwa ta yi sanyi. Suna karɓa da hannu biyu, su yi godiya, washegari ya ga an shimfiɗa su a ƙasan mota saboda laka. Bai yi fushi ba. Ya zauna ya lura da abin da suke kewa, ya gane shayi ne, irin nasu na ƙaramar buta da ake dafawa sau uku ana ɗaga hannu sama ana zubawa har ya yi kumfa. Ya sayi buta da ɗan risho ya ajiye a but ɗin motarsa. Dahuwarsa ta farko Alhaji ya kurɓa ya ce ruwan wanki ne, ya ƙwace butar ya koya masa.

A kan shayin nan ya gina aikinsa. Labari ɗaya yake kawowa, ya raba shi uku, kowace dahuwa da kashinta, kuma ba ya ba da shi yadda muke ji a coci. Misali, labarin mutumin da aka yi wa duka aka yar a hanya, a bakin Kawu a gefen hanyar 270 aka yar da shi, ana zuba ƙanƙara. Wanda ya fara wucewa fasto ne mai sauri zuwa sujada. Na biyu dattijon coci ne mai taye, kuma duk wanda ya san ƙanensa ya san wa yake tsokana. Wanda ya tsaya direban tasi ne marar takardu, wanda ya san in ya kira 'yan sanda shi ma za a tambaye shi nasa. A nan Kawu zai kashe risho ya ce sauran sai gobe. Sun yi makonni suna gardama a kan ko direban nan mai imani ne ko wawa. In fasinja ya kira wani ana tsakiyar labari, zai tashi yana tsaki, daga baya ya buga wa Kawu waya ya ce, “To Fasto, ya ɗauke shi ko bai ɗauke shi ba?” A ƙarshe kullum sai ya gaya musu cewa labarin ba nasa ba ne, na Yesu Almasihu ne, shi kaya kawai ya sake masa. Bai taɓa ɓoye abin da ya kawo shi ba, su ma ba su taɓa ɓoye masa amsarsu ba.

Na taɓa zama da su sau da dama in na kai masa magani. Alhaji zai dube shi ya girgiza kai ya ce, “Fasto, mutum kamar ka shi ƙare cikin wuta? Wallahi hasara ce.” Kawu ya ce, “Alhaji, abin da ke hana ni barci ke nan a kanka.” Sai su miƙa wa juna kofi. Ranar Juma'a kuwa, da zarar rana ta kusa tsaka, shi ne ke fara tattara kofuna yana korarsu. “Ku tashi, kada ku rasa sahu saboda ni. Ba na son a saurare ni da rabin zuciya.”

Kada a ɗauka waliyyi ne. Taurin kansa ya isa ya gajiyar da gari guda. Sukarin da likita ya hana shi, shi yake zubawa a buta da cokalin miya, in na yi magana ya ce shayi marar sukari zagi ne ga baƙo. Ya daina cin naman alade, ya daina sayen nama sai a wurin mahautan Musulmi, domin duk wanda ya shigo ɗakinsa ya ci daga tukunyarsa ba tare da tambaya ba. Wannan ba laifi, amma sai ya riƙa zuwa Kirsimetin dangi da kularsa, yana kallon farantan mutane, har matar ƙanensa ta rantse ba za ta ƙara gayyatarsa ba. Bayan rasuwar matarsa, ɗansa ya taso kusan shi kaɗai a ɗakin nan. Ranar da yaron ya gama sakandare aka kira sunansa, kujerar ubansa babu kowa, yana can yana bin takardun gawar wani direba. Daga wannan shekarar yaron bai ƙara amsa masa da Hausa ba.

Kuma shekara da shekaru ba ko mutum ɗaya da aka yi wa baftisma daga filin nan. Coci ta fara da yi masa addu'a daga kan bagade, ta koma tambayarsa ina 'ya'yan aikin, ta ƙare da yin shiru. Abin yana cinsa. Wata rana ina tuƙa shi daga asibiti, muna tsaye a cunkoson babbar hanyar Beltway, ya ce, “'Yata, wani lokaci ina tambayar Ubangiji, shin shi ya aike ni ko ni na aiki kaina.” Na ƙara zafin hitar mota.

Batun gawa kuwa ba shi ya nemo shi ba, aikinsa ne ya kai shi. Ga mutanen nan, gawa ta kwana ba a binne ta ba abu ne mai ciwo ƙwarai. A ƙasar nan kuma mutum ba ya shiga ƙasa sai likita ya sa hannu, sai wani ofis ya buga hatimi, in aka yi rashin sa'a mutuwa ta faɗo ƙarshen mako, sai a tura shi firji a kulle ƙofa. Kawu ya san ƙofofin saboda kullum ta gabansu yake tura gado. In direba ya rasu, ko matarsa, ko jariri, shi ake fara kira. Ba ya faɗa, ba ya yawan roƙo. Zai samu kujera a ƙofar wanda sa hannunsa ya rage, ya ɗora hula a gwiwa, ya zauna yana gaishe shi duk lokacin da ya fito, har kunya ta sa mutum ya ɗauki alƙalami.

Ɗan Alhaji saurayi ne, ya faɗi a wurin aiki zuciyarsa ta tsaya, daf da wani dogon hutu. Aka ce wa uban sai bayan hutu. Kawu ya bar aikinsa ya bi ofis-ofis, washegari da la'asar an kai yaron maƙabartarsu. Alhaji ne ya ba ni labarin abin da ya faru a can. Ya ce Kawu ya tsaya nesa wajen motoci, hannu a baya, har aka yi salla aka sa yaron. Da aka fara zuba ƙasa Alhaji ya waiwaya ya kira shi, “Fasto, taho.” Wasu sun yi gunaguni, ya ce musu ɗansa ne. Kawu ya durƙusa ya ɗebo ƙasa da hannu biyu ya zuba.

A wannan makon ne Kawu ya ce mini, “In na mutu kada ku bar ni a firji. Na tura mutane da yawa cikinsa, na san sanyinsa. Kuma mutanena ba su iya jiran gawa ba.” Na gane sarai su wa yake nufi da mutanensa. Ni kaɗai ya gaya wa, a kicin, yana wanke kofuna.

Rigimarsa da ƙanensa kuwa tsohuwa ce. Shekarun baya 'yan bindiga sun shiga ƙauyenmu, suka kashe babban yayansu da wasu daga cikin iyalinsa. Mutanen gari suka haƙa rami ɗaya suka zuba su da gaggawa, babu akwati, babu waƙa, domin ana tsoron maharan su dawo. Muka taru a gidan Kawu Ƙarami muna kallon hotuna a waya. Washegari da yamma Kawu ya miƙe ya ɗauki makullin mota.

“Ina za ka?” in ji ƙanensa.

“Suna jira na.”

“Jinin yayanmu bai bushe ba, kai za ka je ka dafa musu shayi?”

“Su suka kashe shi? Tsohon nan mai ciwon baya da ke yawo a Beltway tun asuba, shi ya kashe shi?”

“Duk ɗaya ne!”

“In duk ɗaya ne, to ni ban san abin da nake karantawa ba duk shekarun nan.”

Kawu Ƙarami ya bi shi har waje, ya buɗe but ya fizgo butar ya yi jifa da ita a kan kwalta. Kawu ya sunkuya ya ɗauka. Na bi shi a motata. A filin bai iya ba da labari ba, ashana ma ta gagare shi. Direbobin sun riga sun ji, suka kewaye shi suka zauna a kan dakali, ba wanda ya kunna waya har duhu ya fara. Ya yi kukan da bai yi a gidan ƙanensa ba. Tun daga ranar 'yan'uwan biyu gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a ƙofar coci.

Don haka da na tashi a taron kwamiti na farko na faɗi abin da Kawu ya gaya mini, na san da wa nake magana. Kawu Ƙarami ya bari na gama, ya ce, “Ke 'yar mace ce. Wannan gawar gidanmu ce.” Sannan muryarsa ta karye. “An tura mini wa ɗaya a rami kamar kare. Wannan ba za a yi masa haka ba. Zai shiga da akwati, da mawaƙa, da 'yan'uwansa a tsaye a kansa.” Na ji haushinsa har wuya, amma ban iya cewa ƙarya yake yi ba. Uwata ma da ke can tana kuka don ta ga fuskar yayanta, ita ma ba ƙarya take yi ba. Ɗan Kawu, wanda shi ne doka ta ba iko, ya ɗaga kafaɗa ya ce a yi duk abin da al'ada ta ce.

Haka aka shiga jira. A jira bizar mahaifiyata. A jira anko daga Kaduna, da ya zo aka ce launin bai yi ba. A jira zauren taro, sai Kirsimeti ta shigo ta cinye dukan ranakun. Direbobin kuwa sun yi nasu zaman makokin na kwana uku a filin bayan kanti, cikin iska mai yanka kunne. Na je na same su. Alhaji ya ce, “Ba mu iya yi mishi salla, ɗiyata, addininmu bai ba mu ba. Amma zama mun iya.” Sun sake zama ranar bakwai. Da arba'in ta zagayo suka dafa shinkafa suka raba, mutumin da suke yi dominsa yana nan bai ga ƙasa ba.

Kowane mako sai tsohon ya kira ni. Bayan doguwar gaisuwa, ina gida, ina aiki, ina haƙuri, sai ya ce, “Har yanzu yana ciki?” In ce, “Yana ciki, Baba.” Sai in ji ƙarar motoci ta wayarsa, sannan ya ce, “Cikin sanyin ga.” Na zo ina jin tsoron ganin lambarsa. Sau ɗaya na je gidan ajiye gawa na ce a nuna mini shi. Sun shafa masa wani abu a fuska, leɓensa ya manne, fatarsa ta koma kalar toka. Mutumin da ya fitar da 'ya'yan wasu daga firji cikin kwana ɗaya ya haura wata biyu a ciki. Na fito na zauna a mota na yi ta dukan sitiyari kamar mahaukaciya.

A ƙarshe aka hana mahaifiyata biza. Duk jiran nan a banza, a waya za ta kalla. Kwamiti ya zauna ya tsai da rana: Juma'a, sujada da safe, maƙabarta da tsakar rana, domin Asabar ta liyafa ce, Lahadi baƙi su hau jirgi. Na ce wa Kawu Ƙarami, “Kawu, lokacin sallar Juma'a ne fa.” Ya dube ni da mamaki na gaske. Ba mugunta ya shirya ba, abin bai ko zo masa a rai ba, haka duk sauran da ke zaune. Mutanen da suka taso da Musulmi katanga ɗaya, ba ko ɗaya da ya tuna. Na roƙa a matsa zuwa la'asar, aka ce maƙabarta ta riga ta ba da lokaci, an kuma buga takardu. “Wanda ya damu zai zo,” in ji Kawu Ƙarami.

Na je filin da kaina na gaya wa Alhaji. Ban ce ya bar salla ba, Kawu da kansa ba zai yarda ba. Ya yi lissafin hanya a kansa, daga masallacinsu a Silver Spring zuwa maƙabartar da ke can gaba da Germantown, ya ce, “Liman na sallamewa mu taho. Ki riƙe muna su kaɗan.”

An yi biso mai kyau, ba zan hana su wannan ba. Anko ya yi, mawaƙa sun yi, akwati yana ƙyalli. Mai wa'azi ya ce marigayi ya yi shuka a ƙasa mai tauri, kuma bai ga girbi ba. A maƙabarta ƙanƙara ta kwanta fara fat a kan kaburbura, iska tana ratsa anko kamar ba a sa komai ba. Aka gajarta addu'a. Aka sauke akwati da wani inji mai bel, kowa ya jefa fure, mahaifiyata tana kururuwa daga wayar da wata ta ɗaga sama. Na kira Alhaji. Ya ce, “Muna bisa hanya, ɗiyata. Ambutiyaj ce, an yi hatsari gaba, mota ko guda ba ta motsi. Ki riƙe su.”

Mutane suka fara gudu zuwa motoci. Na tsaya a bakin ramin na ce wa ma'aikatan su dakata, akwai masu zuwa. Sai na ji wani ya tsaya kusa da ni. Ɗan Kawu ne. Ban gaya masa komai ba sai a lokacin, da na gaya masa ya je ya yi musu magana da irin Turancin da ake saurara, ya ce shi ne ɗan mamacin. Mutanen kirki ne, sun jira har suna buga ƙafa a ƙasa. Daga baya babbansu ya zo ya cire hula ya ce akwai wani biso a bayanmu, kuma ba a yarda su bar rami a buɗe ba. Muna tsaye motar haƙa ta juye ƙasa, aka daddanna da inji, aka mayar da yankakkiyar ciyawa aka shimfiɗa kamar tabarma, aka jera furanni. Ƙasar da ta yi saura suka loda a ƙaramar mota suka tafi da ita.

Rana ta karkata lokacin da motocin suka shigo a jere. Alhaji ne ya fara fitowa, yana ɗingishi yana sauri, babbar rigarsa ta Juma'a tana jan ƙanƙara. Ya iso ya tsaya. Ya dubi furannin, ya dubi ciyawar, ya duba hagu da dama yana neman tulin ƙasa.

Ya taka zuwa gindin wata bishiya a gefe, ya durƙusa da ƙyar, ya share ƙanƙara da hannun riga. Ƙasa ta daskare kamar siminti. Ya gwada da yatsu ta ƙi, ya ciro makullin mota ya shiga ƙwaƙula. Wani matashi ya matso zai karɓa, ya daka masa tsawa. Mun daɗe muna jin ƙarar makullin nan. Da ya miƙe, abin da ke tafinsa bai cika cokali biyu ba, kuma fatar yatsunsa ta tsage.

Ya buɗe tafin ga sauran. Kowa ya ɗauki ɗan abin da yatsu biyu za su kama, ya je ya sa a tsakanin furanni. Na ƙarshen layi ba su samu ba, suka taɓa tafinsa kawai suka wuce. Ya rage ɗan kaɗan a tsakiyar hannunsa. Ya durƙusa a gefen kabarin ya kakkaɓe shi a hankali. Ƙasar ba ta shiga ko'ina ba, a kan ciyawa ta tsaya.

“Fasto,” in ji shi, “ɗana kwana guda ya yi, don kai. Mu kuwa ga abin da munka iya. Ka gafarta muna.”

Ɗan Kawu ya juya mini baya, kafaɗunsa suna rawa. Na ciro tishu zan ɗaure wa tsohon yatsu, ya janye hannunsa ya ce in bari. Ma'aikacin maƙabarta ya taho yana nuna agogo, za a rufe ƙofa. Sai da mutum biyu suka kama Alhaji kafin ya iya tashi.